Ciyawar ot da kafi-kashi-wari: wacce za ta mutu a lambunka, wanne zai fi ƙarfinka

Idan kana yawan kallon bidiyon masu lambu a YouTube ko TikTok, ka san salon maganarsu: wannan tsiro ba ya son wahala, wancan ba ya buƙatar ban-ruwa, ka shuka kawai ka manta da shi. Yawancinsu gaskiya suke faɗa, amma gaskiyar garinsu. Mai lambu a Ingila ko a Amurka yana magana ne da yanayin da ya sani, kai kuwa kana Maska ko Funtuwa ko Malumfashi, inda ake samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, sannan a yi wata shida ko fiye ƙasa ba ta ga ɗigo ba.

Bari mu ɗauki tsirrai biyu da ake yi wa irin wannan yabo, mu auna su da ƙasarmu. Ɗaya ciyawar ado ce ta ƙasashen sanyi, wadda za mu kira ciyawar ot. Ɗayan ganye ne mai ƙarfin wari daga Meziko, wanda Turawa ke ce wa shayin Meziko, Hausawa kuma suka raɗa masa kafi-kashi-wari. Abin da za ka gani shi ne, wadda ba ta da illa ga kowa ita ce ba za ta rayu a nan ba, wanda zai rayu ba tare da ka taimaka masa ba kuma shi ne yake buƙatar ka sa masa ido.

Ciyawar da ke son sanyi

Sunan ya samo asali daga kamannin kanta da hatsin ot, wannan da ake sayarwa a gwangwanin Quaker Oats. Ciyayi da dama ne ke amsa sunan, amma biyu suka fi shiga lambu. Akwai Arrhenatherum elatius, doguwa, tana kai mita ɗaya da rabi, ita ce ke cika gefen titi a Ingila da Faransa. Akwai kuma Helictotrichon sempervirens, gajeriya mai ganye shuɗi-shuɗi da ke tashi dunƙule kamar tsintsiyar da aka kafa a ƙasa, asalinta duwatsun Alps ne, tsakanin Faransa da Italiya. Ita ce ake gani a hotuna, kuma gaskiya tana da kyau. Ba ta da guba, ba ta da ƙaya, ba ta yawo, inda ka ajiye ta nan za ta zauna.

To me zai hana ta zama a Maska? Amsar tana cikin ganyen.

Kowane koren tsiro yana haɗa abincinsa ne da hasken rana da ruwa da iskar kabon da yake shaƙa ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin ganye. Mai kama iskar kabon ɗin wani sinadari ne da ake kira Rubisko. Matsalar Rubisko ita ce yana kuskuren kamu: wani lokaci maimakon kabon sai ya cafko iskar oksijin, tsiron kuma ya ɓata ƙarfi wajen gyara ɓarnar. Da sanyi kuskuren kaɗan ne. Da zarar zafi ya tashi sai ya yawaita, har tsiro ya yi asarar kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye na abin da ya haɗa. Tsirran da suka dogara da Rubisko kai tsaye su ake kira C3, kuma ciyawar ot tana cikinsu, tare da alkama da sha'ir.

Dawa da gero da masara da rake sun ɓullo wa abin ta wata hanya. Suna fara kama kabon da wani sinadari dabam wanda ba ya ruɗewa, su tura shi can cikin ganye, su tara shi kewaye da Rubisko har ya rasa damar yin kuskure. Su ake kira C4. Masana biyu a Ostareliya, Hatch da Slack, su suka fayyace wannan hanya a 1966, da ganyen rake suka yi aikin. Amfanin a fili yake: tsiron C4 yana iya tsuke ƙofofin ganyensa da rana tsaka ya ci gaba da aiki, don haka ruwan da yake kashewa kafin ya haɗa abinci bai wuce kusan rabin na C3 ba.

Amma kada ka ɗauka duk C3 ragon zafi ne. Shinkafa C3 ce, wake C3 ne, auduga ma haka, kuma ka san yadda Funtuwa take da auduga. Abin da ya ƙara kayar da ciyawar ot shi ne danginta. Tana cikin reshen ciyayin da suka taso a ƙasashen sanyi, waɗanda ganyensu ya fi girma tsakanin digiri 15 zuwa 25, kuma da yawa daga cikinsu sai sun sha sanyi na makonni kafin su fitar da kai. Duk manomin da ya taɓa noman alkama a Kadawa ya san wannan ko bai san sunansa ba: a tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake shuka, don ta ci sanyin hunturu, a girbe kafin zafin bazara ya kama ta. Wanda ya makara ya san abin da zai auna.

Alkama dai wata uku zuwa huɗu take nema, ta gama ta tafi. Ciyawar ot kuwa ta shekara da shekaru ce, dole ta tsallake Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 35 kullum. Idan ka yi ta ɗura mata ruwa ta kai labari, ga Agusta na jiran ta. Shuɗiyar nan ta duwatsu ba ta jure lema: ganyenta yana kamuwa da cutar tsatsa idan iska ta yi danshi, gindinta kuma yana ruɓewa a ƙasar da ke riƙe ruwa. Ko a kudancin Amurka, inda ake zafi da danshi, masu lambu suna kuka da ita. Wato bazara ta gasa ta, marka ta ƙarasa ta. A ganina kuɗin da za ka biya a kawo maka irinta daga waje gara ka sayi takin gargajiya da shi.

Ganyen da sunansa ya gama bayaninsa

Shi kuwa kafi-kashi-wari ba sai ka yi odarsa ba. Asalinsa Meziko ne da sauran ƙasashen Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, amma ya daɗe da bazuwa a ƙasashen zafi na duniya, har da Najeriya, inda yake fitowa a bayan gida da gefen bola da wuraren da aka tone ƙasa. Yarabawa suna ce masa arunpale. Ɗan'uwan alayyahu ne, danginsu ɗaya. Yakan kai mita ɗaya, ganyensa dogo ne siriri mai ɗan tsaga-tsaga a gefe, furanninsa kore ne ƙanana ƙwarai, a cure a jikin reshe. Linnaeus ya sa masa suna Chenopodium ambrosioides a 1753, a 2002 kuma aka mayar da shi Dysphania ambrosioides, shi ya sa za ka ga sunayen biyu a littattafai.

Wani abin dariya: mutanen Meziko suna kiransa epazote, kalmar da ta fito daga harshen Nahuwatil na Aztek, kuma an haɗa ta ne da sunan wata dabba irin bodari da kalmar gumi ko dauɗa. Tsakaninsu da Bahaushe teku guda, amma hanci ɗaya ya raɗa sunan. Idan ka murza ganyen za ka ji wani abu tsakanin kananzir da na'a-na'a da lemon tsami.

Duk da haka ci suke yi. A kudancin Meziko tukunyar baƙin wake ba ta cika ba tare da reshe ɗaya na epazote ba, ana jefa shi dab da saukewa, suna kuma cewa yana rage kumburin ciki. Ka lura da adadin fa: reshe ɗaya ko ganye kaɗan a tukunyar gida guda. Kayan ƙamshi ne a wurinsu, kamar yadda muke yi da kanumfari ko kimba. Ba wanda yake yin miyarsa kamar ta alayyahu.

Dalilin taka-tsantsan ɗin wani sinadari ne mai suna askaridol. Idan ka ɗaga ganyen ka duba bayansa da kyau za ka ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa. Jakunkunan mai ne, kuma man ya fi taruwa a kan tsiron lokacin da ya yi 'ya'ya. An ware askaridol daga wannan mai a 1908, aka sa masa sunan Ascaris, doguwar tsutsar cikin nan da muke ce wa macijin ciki, domin yana kashe ta. A tsarinsa akwai ƙwayoyin oksijin biyu a haɗe kamar gada, abin da ba a cika samu a tsirrai ba. Irin wannan gadar ce a cikin atemisinin, sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro na yanzu. Gadar ba ta da ƙwari, tana karyewa ta saki abubuwan da ke lalata ƙwayoyin halitta, kuma ba ruwanta da ko na tsutsa ne ko naka.

Tarihi ya riga ya gwada wannan a kan mutane. A jihar Maryland ta Amurka an yi gonakin wannan ganye ana tatsar mansa, har ake kiransa man Baltimore. A shekarun 1910 zuwa 1920 Gidauniyar Rockefeller ta yi amfani da shi sosai a yaƙin da ta yi da tsutsa mai ƙugiya, wadda ke maƙale wa hanji tana shan jini. Yana aiki, amma tazarar da ke tsakanin adadin da ke kashe tsutsa da wanda ke kashe mutum 'yar kaɗan ce. An samu amai, jiri, ƙarar kunne da kurumta, farfaɗiya, lalacewar hanta da ƙoda, an kuma rasa rayuka, yawanci yara. Da aka samu wasu magunguna sai likitoci suka ajiye shi.

Wani zai ce ai wancan tataccen mai ne, mu ganyen muke jiƙawa. Haka ne, jiƙon ganye bai kai mai haɗari ba, domin askaridol ba ya narkewa sosai a ruwa. Sai dai a nan ma akwai magana. A 1985 an wallafa wani gwaji da aka yi a jihar Chiapas ta Meziko, cikin mutanen da suka gaji amfani da ganyen daga kakanni: an ba masu tsutsa garin busasshen ganyen, aka bi bayan-gidansu da madubin awo, ba a ga wani tasiri na a zo a gani ba. Ga kuma matsalar da ta fi damun mu masu awon sinadarai: yawan askaridol yana bambanta ƙwarai daga wannan tsiro zuwa wancan, gwargwadon iri da ƙasa da lokacin tsinka. Na wani wuri kusan babu, na wani wuri shi ne ya fi rabin man. Ba yadda za a yi ka gane da ido ko da hanci. Kofi ɗaya na yau da kofi ɗaya na gobe ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Don haka idan yaro yana da tsutsar ciki, ƙwayar albendazol ko mebendazol guda ɗaya da ma'aikacin lafiya zai ba shi ta fi, ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, an san adadinta, kuma kuɗinta kaɗan ne. Mai juna biyu kada ta sha jiƙonsa ko kaɗan, domin a ƙasashe da dama an san shi da tayar da mahaifa. Mai shayarwa da ƙananan yara ma haka.

Akwai inda yake da alamar amfani, wato rumbu. A 2002 wasu masu bincike daga Jami'ar Dschang ta Kamaru da abokan aikinsu sun nuna cewa garin ganyen da mansa suna kashe ƙwarin hatsi iri shida, har da na wake da na masara. A Amurka ma akwai maganin feshi mai suna Requiem da aka tsara a kan sinadaran man wannan ganye, sai dai ka lura, babu askaridol a cikinsa, da gangan aka bar shi. Wannan sakamakon ɗakin gwaji ne, a cikin kwalabe, da adadin da aka auna. Idan wakenka na ci ne ko na kai wa kasuwar Funtuwa, buhun PICS mai ninki uku ya fi kwanciyar hankali: yana toshe iska, ƙwarin su mutu, ba ka zuba komai a cikin abincin ba.

A lambu kuma halinsa irin na baƙon da ke zuwa da tabarmarsa ne. Tsiro ɗaya yana zubar da dubban iri, baƙaƙe, kowanne bai kai milimita ɗaya ba, kuma suna iya kwanciya a ƙasa su jira damina ta gaba. Ba ya zaɓen ƙasa, yana jure fari idan ya kafu, a fadama ko kusa da magudanar ruwa kuwa ba ya ma mutuwa da rani. An kuma nuna a ɗakin gwaji cewa askaridol yana danne tsirowar irin wasu shuke-shuke, har da wani nau'in alayyahu. Idan ka bar shi ya yi 'ya'ya a gefen kwamin da kake renon tumatir ko albasa, kai da ciro shi sai shekaru.

Shin a shuka shi? Idan kana da dalili, misali kana son gwada shi a girkin wake ko kana nazarinsa, ka sa shi a tukunyar ƙasa ko tsohon bokiti, ka ajiye inda yara da awaki ba sa kaiwa, ka riƙa tsinke kansa da zarar ya fara fure. Hakan yana hana iri zuba, yana kuma sa ganyen ya yi laushi. Kan da ka tsinke kada ka jefa a ramin taki. Idan kuma ganye mai ƙamshi kawai kake so a tsakar gida, ɗaɗɗoya da na'a-na'a suna nan, ba su da wannan dogon sharaɗi.

Abin da ke tsaye a iyakar gona

Mu koma kan ciyawa. Me mutum yake nema idan ya ce yana son ciyawar ot? Yana son abin da zai tashi dunƙule, ya kaɗa idan iska ta buso, ya riƙe ƙasa, ya dawo kowace shekara ba sai an sake shukawa ba. Ai wannan gamba ce. Andropogon gayanus, 'yar gida, kuma C4. Tana kai mita uku, wani lokaci fiye. Saiwoyinta iri uku ne: na sama-sama masu kama yayyafin farko, masu kauri da ke ajiye abinci, da masu nutsawa ƙasa neman danshi. Shi ya sa take fara kore tun kafin damina ta zauna, lokacin da dabbobi suka fi jin yunwa. Manoma a ƙasar Katsina da Kano da Sakkwato sun daɗe suna dasa ta a iyakar gona. Tana nuna iyaka, tana tare ƙasar da ruwa zai kwashe, da kaka a yanke ta a saƙa zana.

Mu muna wuce ta ba ma ko kallo, amma wasu sun zo har gida sun ɗauka. Daga tashar bincike ta Shika, wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, aka kai wani iri na gamba cibiyar CIAT da ke Kolombiya a 1973. A 1980 aka fitar da shi ga makiyaya, a Kolombiya da sunan Carimagua 1, a Brazil da sunan Planaltina, domin yana yi a ƙasa mai tsami wadda sauran ciyayi suka ƙi. Sunan ma bai canja ba a Turanci, gamba suke ce mata.

Labarin Ostareliya kuwa dabam ne. An shigar da ita can tun shekarun 1930 don kiwon shanu, ta tsallake shinge ta shiga daji a arewacin ƙasar. Can babu mai yankan zana, shanun ma ba sa kaiwa ko'ina, sai ta yi tsayi ta bushe a tsaye. Bincike ya nuna gobarar dajin da gamba ta mamaye tana iya ninka ta ciyawar asali sau takwas wajen ƙarfi, tana cin bishiyoyi har sama. A 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Ciyawar da ke tsare gonar Bamaske ita ce ake kashe kuɗi a feshe a kusa da birnin Darwin. Ka ga abin da kafi-kashi-wari yake iya yi mana a ƙaramin lambu, gamba ta yi wa wasu a faɗin daji.

Idan lambunka ƙarami ne kuma gamba ta yi maka tsayi, ko wurin yana kwantar da ruwa, duba jema, wadda ke fitowa a fadamu, saiwarta mai ƙamshi. 'Yar'uwarta ta Indiya ita ake dasawa a jere a ƙasashe da yawa don tare zaizayar ƙasa, saiwarta tana nutsawa har mita uku, kuma irin da ake rabawa don wannan aiki ba ya yin 'ya'ya masu tsirowa, saboda haka ba ya yaɗuwa.

Dashen duka biyun iri ɗaya ne, kuma ba sai da iri ba. Ka jira ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Ka nemi tsohon gindi wurin maƙwabci, ka sare ganyen ka bar kamar taƙi ɗaya, ka tsaga gindin da fartanya yadda kowane yanki zai zo da saiwarsa da 'yan tsiro uku ko huɗu. Idan don tare ƙasa ne, ka jera su kusa-kusa a gicciye da gangaren, yadda za su haɗe su zama layi. Idan don ado ne, ka ba kowanne tazarar mita ɗaya ya buɗe. Abu ɗaya da gamba: kada ka dasa ta jikin ɗakin ciyawa ko rumbu, kuma ka yanke ta a Nuwamba kafin ta gama bushewa, tun iskar hunturu ba ta fara ɗaukar tartsatsi daga murhu ba.